Fensir Kafin Kwamfuta: Yadda Ake Koyon Rubuta Manhaja da Zanen Hannu

Ga layuka huɗu na harshen Python. Kafin ka ci gaba da karatu, faɗi abin da zai rage a cikin x da y bayan layi na ƙarshe:

x = 4
y = 9
x = y
y = x

Sabon ɗalibi yakan ce an yi musaya, wato x ta koma 9, y ta koma 4. Ba haka ba ne. Ɗauko takarda ka zana akwati biyu, ɗaya sunansa x, ɗaya y. Rubuta 4 a na farko, 9 a na biyu. Layi na uku ya ce a kwafi abin da ke cikin y a zuba a x, to ja layi ka soke 4, ka rubuta 9 kusa da ita. Layi na huɗu ya ce a kwafo abin da ke cikin x a zuba a y. Leƙa akwatin x ɗin: 9 ce a ciki, 4 ta tafi tun a layin baya. Dukansu biyu sun zama 9. Da zarar idonka ya sauka kan 4 ɗin da ka soke, maganin ma zai faɗo maka da kansa, wato ana bukatar akwati na uku da za a ajiye ta kafin a rubuta wani abu a gurbinta.

Keɓaɓɓun kalmomin Python ba su kai 40 ba, kuma haddace su ba ya kayar da kowa. Abin da ke kayar da mai koyo shi ne aikin yana gudana a inda ido ba ya kaiwa. Yana ganin umarnin da ya rubuta, yana ganin amsar da ta fito, amma tsakanin biyun duhu ne. Benedict du Boulay na Jami'ar Sussex a Ingila ya yi bayani tun shekarun 1980 cewa dole ɗalibi ya gina hoton injin a zuciyarsa, ya san me kowane umarni yake taɓawa, me yake bari. Idan hoton nan ya karkace, duk abin da aka ɗora a kai zai karkace. Zane ne hanya mafi arha ta fito da hoton fili, inda kai da malaminka za ku dube shi tare.

An kuma gwada an gani. A 2004 Raymond Lister da abokan aikinsa sun ba ɗalibai na ƙasashe bakwai tambayoyi kan karanta gajerun manhajoji, sannan suka tattara takardun da ɗaliban suka yi 'yan zane-zanensu a kai. Waɗanda suka bi sawun lambobi a rubuce sun fi dacewa da amsa a kan waɗanda suka bar takarda fara. A 2017 Kathryn Cunningham da Mark Guzdial da abokan aikinsu a Georgia Tech ta Amurka sun sake bin batun, suka ga cewa ribar tana wajen wanda ya kai zanen har ƙarshe. Wanda ya fara ya watsar a tsakiya bai tsira da wani abin kirki ba. Ka riƙe wannan, don shi ne sharaɗin duk abin da zai biyo baya.

Kayan aikin ba su da yawa: fensir, jan biro, da farar takarda marar layi. Magogi ba shi da amfani sosai a nan. Idan lamba ta canja, soke tsohuwar ake yi da layi ɗaya yadda za ta ci gaba da karantuwa, domin tarihin canjin shi ne abin da kake son gani.

Zanen matakai

Wannan shi ne zanen da kowa ya fi sani, kuma ɗaliban sakandare a Nijeriya suna haɗuwa da shi a darasin kwamfuta. Asalinsa daga masana'antu ne. Frank da Lillian Gilbreth sun gabatar da taswirar matakan aiki ga injiniyoyin Amurka a 1921, sai Herman Goldstine da John von Neumann suka ɗauko dabarar a 1947 don tsara lissafin da za a ba kwamfutocin farko. Siffofin da ake amfani da su yau an daidaita su a ƙa'idar ISO 5807 ta 1985, amma huɗu sun ishe ka: siffar ƙwai don farawa da gamawa, akwati mai kusurwa huɗu don aiki, akwati mai karkata don karɓar bayani ko fitar da shi, da daimon don tambayar da amsarta i ce ko a'a.

Fara da faɗin aikin da baki, da Hausa, kamar kana yi wa ƙaninka bayani. A ce mai shago yana son jimlar kuɗin kaya uku. Za ka ce: fara da sifiri, ɗauki farashin farko ka ƙara, matsa gaba, idan da saura ka sake, idan babu ka faɗi jimla. Kowace gaɓa a maganar nan akwati ɗaya ce. Inda ka ce "idan", nan daimon yake. Inda ka ce "sake", nan kibiya za ta juya ta koma sama.

Dokoki biyu ne ba a sassauta su. Daimon kibiya biyu ke fita daga cikinsa, kuma kowace sai an rubuta mata i ko a'a. Sannan duk kibiyar da ta koma sama, ka bi ta da yatsa ka tambayi kanka: me ya canja a wannan zagayen da zai sa wata rana amsar tambayar ta juya? Idan babu, ka zana zagayen da ba ya ƙarewa, kuma gara ka kama shi a takarda da ka kama shi lokacin da kwamfuta ta sandare.

A ganina ana ba zanen matakai girman da ya wuce nasa. Yana nuna hanyar da aiki ke bi, amma ba ya nuna abin da ke cikin ma'ajiya, kuma da manhaja ta wuce shafi ɗaya sai kibiyoyi su harɗe. Yi amfani da shi a makonnin farko da kuma duk sanda sharuɗɗa suka cakuɗe maka, sannan ka wuce.

Teburin bin sawu

Ga manhajar mai shagon:

farashi = [500, 1200, 300]
jimla = 0
i = 0
while i < 3:
    jimla = jimla + farashi[i]
    i = i + 1
print(jimla)

Ja tebur mai ginshiƙi uku: i, jimla, da amsar tambayar "i < 3". Ɗora yatsan hagu a kan layin da kake, kada ka ɗaga shi sai ka rubuta abin da layin ya yi. Da farko i sifiri ce, amsar tambayar eh ce, jimla ta zama 500. Sai i ta zama 1, jimla 1700. Sai i ta zama 2, jimla 2000. Sai i ta zama 3, kuma a nan ne masu gaggawa ke ajiye fensir. Kada ka ajiye. Koma kan tambayar ka rubuta: shin 3 ta gaza 3? A'a. Wannan layin na ƙarshe shi ne yake nuna maka dalilin fita daga zagayen.

Yanzu sauya alamar ta zama <= ka sake bin teburin. Za ka iske kanka kana neman farashi[3], alhali gurabun jerin 0 da 1 da 2 ne kawai. Python za ta tsaya ta ba da saƙon IndexError. Wanda ya taɓa zana jerin da lambar kowane gurbi a ƙarƙashinsa, ya kuma ga yatsansa ya faɗa wajen akwati na ƙarshe, ba zai sake tsorata da wannan saƙon ba.

Suna, abu, da kibiya

A nan gizo ke saƙa, kuma a nan zane ya fi biyan wahalarsa. Duba wannan:

kaya = ["gero", "dawa"]
sabo = kaya
sabo.append("masara")
print(kaya)

Wanda ya saba da zanen akwati zai ce kaya na nan da abu biyu, tunda sabo aka ƙara wa masara. Kwamfuta kuwa za ta buga gero, dawa, masara. Zanen akwatin da ya yi mana aiki a kan x da y ya gaza a nan, don haka sai a gyara zanen.

Raba takardar biyu da layi daga sama zuwa ƙasa. Hagu na sunaye ne, dama na abubuwa. Layin farko: zana jeri mai gurbi biyu a dama, rubuta kaya a hagu, ja kibiya daga sunan zuwa jerin. Layi na biyu shi ne wurin lura. Kada ka zana sabon jeri, domin babu abin da ya umarci a ƙirƙiro shi. Rubuta sabo a hagu, ka ja kibiya zuwa jerin nan dai da ke akwai. Kamar mutum ne mai suna da laƙabi, ko da wanne ka kira shi, shi ɗin ne zai amsa. Layi na uku: bi kibiyar sabo, ka ƙara gurbi na uku. Layi na huɗu: bi kibiyar kaya, ka karanta abin da ka tarar. Masara na nan.

Idan kwafi na gaske kake so, sai ka rubuta sabo = kaya.copy(), kuma a zane wannan na nufin jeri na biyu a dama da kibiyarsa daban. Daga yau, duk sanda ka ga alamar =, tambayar da za ka yi ita ce: sabon abu aka yi, ko kibiya kawai aka ja? Haka kuma idan ka miƙa jeri ga wani aikin da ka rubuta da def, kibiya ce ta tafi, ba kwafi ba, shi ya sa canjin da aka yi a can yake bayyana a nan.

Wannan salon zane shi zai raka ka har zuwa darussa masu nauyi. Ɗauki sarƙaƙƙen jeri, inda kowane ƙulli yake riƙe da bayani da kuma kibiya zuwa na gaba. Kana da A tana nuna C, kana son cusa B a tsakani. Da jan biro, fara jan kibiya daga B zuwa C, ka sa mata lamba 1. Sannan soke kibiyar A, ka mayar da ita kan B, ka sa mata lamba 2. Gwada juya tsarin ka gani: idan ka fara sauya kibiyar A ba tare da ka ajiye inda C take ba, babu sauran abin da ke nuna C, ita da duk abin da ke bayanta sun ɓace maka. Lambobin da ka sa wa kibiyoyin su ne tsarin layukan da za ka rubuta.

Bayan ka gama zanenka, akwai inda za ka auna shi. Python Tutor, wanda Philip Guo ya fara a 2010, shafi ne na kyauta da ke tafiyar da manhaja layi bayan layi yana zana sunaye da kibiyoyi irin waɗannan. Ka zana naka tukuna, sannan ka buɗe shi ka kwatanta. Idan ka fara da kallon nasa, za ka yi ta gyaɗa kai kana ganin ka gane, alhali hannunka bai yi komai ba.

Idan na'ura ce za ta karanta zanen

Burin a ce kwamfuta ta gane zanen hannu tsoho ne. A 1963 Ivan Sutherland ya nuna Sketchpad a MIT, inda ake zane a fuskar kwamfuta da alƙalamin haske. A ƙarshen shekarun 1960 masu bincike a cibiyar RAND da ke Kalifoniya suka gina GRAIL: mutum ya zana akwati da alƙalami a kan allon lantarki, na'ura ta miƙe masa layukan, ya rubuta haruffa ta gane su, ya ja kibiya ta haɗa akwatunan, ya yi kaca-kaca a kan abu ta share shi, daga ƙarshe zanen matakan ya zama manhaja mai aiki. Daga baya Tracy Hammond da Randall Davis sun yi Tahuti a MIT a 2002 don gane zanen tsarin manhaja na UML, kuma a Jami'ar Central Florida, Sarah Buchanan da Joseph LaViola da abokan aikinsu sun yi CSTutor, inda ɗalibi ke zana ƙulli da kibiya, manhajar tana fito da kod ɗin da ya dace da zanen.

Sanin yadda ganewar ke aiki zai gyara maka hannu. Hanya biyu ce. Ta farko ita ce zane kai tsaye a fuskar waya ko kwamfutar hannu. A nan na'ura ba hoto take gani ba, jerin ɗigo take karɓa, kowane da wurinsa da lokacinsa. Ta san inda ka fara, inda ka ɗaga hannu, da saurin tafiyarka. Hannun mutum yakan rage gudu idan zai karya kwana, don haka inda gudu ya ragu kuma layi ya lanƙwasa sosai, can ake zaton kusurwa. Kusurwa huɗu da layi rufaffe, akwati ke nan ko daimon, sai a duba karkatarsa. Dean Rubine a Jami'ar Carnegie Mellon ya nuna a 1991 cewa ma'auni 13 na layi guda, irin su tsawonsa, kusurwar farawarsa da saurinsa, sun isa a koya wa na'ura bambance alamomi. A 2007 Jacob Wobbrock da Andrew Wilson da Yang Li suka fito da wata dabara mai suna $1 wadda ta fi sauƙi: a mayar da layin ɗigo 64 masu tazara ɗaya, a juya shi, a daidaita girmansa, a kawo shi tsakiya, sannan a auna nisansa da samfuran da aka ajiye, wanda ya fi kusa shi ne amsa. Kod ɗinta bai wuce layi ɗari da 'yan kai ba, kuma rubuta ta da kanka aiki ne mai kyau ga wanda ya yi 'yan watanni yana koyo.

Daga nan ƙa'idojin zanen suka fito. Siffa ɗaya, jan hannu ɗaya, kada ka yi ta maimaita layi a kan layi. Rufe akwati, ƙarshen layin ya dawo inda ya faro. Kibiya ta taɓa abin da ta fito daga gare shi da abin da take nunawa, domin da kusanci na'ura ke gane wa ke haɗe da wa. Zana siffa tukuna, sannan ka rubuta a cikinta, kuma kada rubutun ya taɓa bango. Daimon ya tsaya sosai a kan tsininsa, in ba haka ba za a ɗauke shi akwati.

Hanya ta biyu ita ce ɗaukar hoton takarda, kuma ita ce ta fi kusa da hannun yawancin masu koyo, tunda yawancin manhajojin da na ambata a ɗakunan binciken jami'a suka tsaya. A Maris na 2023, wajen gabatar da GPT-4, Greg Brockman ya ɗauki hoton zanen shafin intanet da ya yi a littafinsa, manhajar ta mayar da shi shafi mai aiki. Yau ChatGPT da Gemini da Claude duk suna karɓar hoto. A nan babu bayanin lokaci ko sauri, sai abin da kyamara ta gani. Saboda haka yi amfani da baƙin biro a farar takarda, ka shimfiɗa ta inda haske yake, ka riƙe waya daidai saman takardar ba a karkace ba, ka kuma kauce wa inuwar hannunka. Layukan littafin makaranta suna iya rikicewa da kibiyoyi. Bambanta 0 da O, 1 da l, 5 da S, kuma ka fito da < da <= sarai.

Akwai haɗari ɗaya da nake so ka ɗauka da muhimmanci. Tsofaffin manhajojin ganewa idan ba su gane ba sukan tsaya ko su fito da siffar da ba ita ba, ka gani ka gyara. Sababbin kuwa cike giɓi suke yi. Idan ka manta akwatin i = i + 1 a zanenka, mai yiwuwa ne manhajar ta saka shi a kod ɗin ba tare da ta ce maka komai ba, saboda ta ga dubban zagaye irinsa. Kod ya yi aiki, kai kuma ka tashi da kuskurenka a kai. Ga mai neman a gama masa aiki wannan taimako ne. Ga mai koyo asara ce.

To ga yadda za ka bi da manhajar. Da farko kada ka nemi kod. Ce mata ta lissafo siffofin da ta gani da inda kowace kibiya ta nufa, ba gyara ba ƙari. Kwatanta da takardarka. Idan ta karanta ba daidai ba, matsalar hannu ce ko hoto, sai ka sake. Idan ta karanta daidai, rubuta kod ɗin da kanka daga zanen. Sai bayan nan ka nemi ta fassara zanen yadda yake, har da kurakuransa, ka jera nata da naka layi da layi. Duk inda suka saɓa, ja teburin bin sawu da lambobi ƙanana ka ga wa ke da gaskiya. Wani lokaci kai ne, domin ita ma tana kuskure.

Ga malami mai ɗalibai da yawa da kwamfuta kaɗan, ko inda wuta ba ta zama, tsarin nan yana raba aiki da kyau. Haɗa su biyu-biyu: ɗaya ya zana, ɗaya ya zama kwamfuta, ya bi zanen da yatsa, ya aikata abin da ke rubuce kawai ba abin da abokinsa yake nufi ba. Da ya iso kibiyar da ba ta da i ko a'a, ya tsaya cak ya mayar da takarda. Wanda zanensa ya wuce hannun abokinsa, ya kuma cika teburin bin sawu har layin ƙarshe, shi ne zai hau kwamfuta ko ya ɗauki hoto da wayar aji. Kafin ya danna maɓallin gudanarwa, ya rubuta amsar da yake sa ran gani a ƙasan takardar da jan biro. Malam, karɓi takardun tare da kod ɗin idan za ka duba aiki, ka fara da neman lambobin da aka soke da kibiyoyin da aka sauya wa wuri, don a nan za ka ga layin da fahimtar kowane ɗalibi ta kauce, ka san abin da za ka maimaita a darasi na gaba.